Ziyarar Palermo: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ɗaura Kaya

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure yana biya Muhtasar ya san cewa Shehu Halilu ya jingina da malamai huɗu wajen rinjayar da magana: Lakhmi da Ibnu Yunus da Ibnu Rushdi da Maziri. Biyu daga cikinsu tsatsonsu daga tsibiri ɗaya yake. Ibnu Yunus mutumin Sisili ne, Maziri kuwa danginsa sun fito daga Mazara, wani garin masunta da ke nan har gobe a kudu maso yammacin wannan tsibiri na ƙasar Italiya. Idan Allah ya hore muku halin zuwa hutu Italiya, akasarin masu ba da shawara Rum ko Benis za su nuna muku, kuma ba su yi kuskure ba. Ni dai Palermo zan ce, babban birnin Sisili. Ya fi waɗancan sauƙin tsada, cunkoson baƙi bai kai nasu ba, ga shi kuma tarihinsa ya ratso ta cikin littattafan da ke kan kantocin gidajenmu.

Sai dai wannan birni ba ya buɗe wa wanda ya zo masa da ka. Ana bukatar a riƙe tarihinsa ko da a taƙaice ne. A shekarar 827 Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik kuma ya rubuta Asadiyya da Sahnun ya gina Mudawwana a kanta, ya jagoranci runduna daga gaɓar Tunisiya ya sauka a Mazara. Bai daɗe ba ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zauna a hannunsu shekara 240 da ɗoriya. Matafiyin nan Ibnu Hauƙal ya ziyarce ta a 973, ya ce masallatanta sun haura 300. A wannan zamani ne noman lemo da rake da auduga ya bunƙasa a tsibirin, aka haƙa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da suka mai da kwarin da ke bayan birnin lambu. A 1072 Normawa, mayaƙa Kiristoci da asalinsu daga arewacin Faransa yake, suka karɓe birnin.

Ga abin da ya fi kyau ku sani tun kuna gida, don kada ku je ku yi ta neman abin da babu. Daga masallatan nan 300, babu ko ɗaya da ke tsaye da siffarsa. Kusan duk ginin da za a nuna muku a ce na Larabawa ne, sarakunan Normawa ne suka sa aka gina shi a ƙarni na 12, da hannun magina da masassaƙa Musulmi da masu zane Girkawa. Sarki Roger na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, da Larabci da Girkanci da Latin ake rubuta takardun fadarsa. Shi ne ya ajiye Idrisi a gefensa har ya kammala masa littafinsa na labarin ƙasa da taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci Kanem da Kawar da Gawo. Masu yi wa baƙi jagora suna son ba da wannan labari na zaman lafiya tsakanin addinai, kuma da gaskiya a cikinsa. Amma su kan tsallake ƙarshensa. Daga shekarun 1220 zuwa 1246 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin Sisili ya kai su Lucera a can babban yankin Italiya, a 1300 kuma aka tarwatsa su a can ɗin ma. Wanda ya san farko da ƙarshen labarin, kallon da zai yi wa gine-ginen daban ne da na wanda ya zo ɗaukar hoto kawai.

To, biza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru sai da bizar Shengen, wadda ke ba da damar zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofisoshi a Yamai da Akara da Yawunde. Ƙa'ida ita ce a nemi bizar daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar babba Yuro 90 ne, wato kimanin sefa 59,000, na yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma Yuro 45, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar jirgin zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta sana'a. Doka ta yarda a miƙa takardu tun saura wata shida a tashi. Ku yi amfani da wannan dama, domin amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45, samun ranar ganawa kuma shi ne ya fi cin lokaci. Abin da jami'in biza ke son ya gamsu da shi guda ne: cewa za ku dawo. Kuɗin da aka aro aka zuba a asusu saura mako guda ba ya ɓoyuwa, kuma duk ɗan kamashon da ya ce zai haɗa muku takardun da ba naku ba, sunanku zai ɓata. Idan an hana biza ba a mayar da kuɗi, don haka masaukin da ake iya sokewa kyauta shi ya fi dacewa a kama kafin amsa ta fito.

Kada ku ce ai mu 'yan rana ne, zafin Turai ba zai yi mana komai ba. A ranar 11 ga Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a kusa da Sirakusa, zafi mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a nahiyar Turai. Iskar Sahara kan tsallako teku ta sauka a Sisili da ƙura da hucinta, ga gumin bakin teku, ga yawon da dole da ƙafa za a yi shi a kan duwatsu. Afrilu zuwa farkon Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da jiki zai ji daɗi. A tsakiyar Agusta 'yan ƙasar da kansu suke tafiya hutu, kantuna da dama a rufe, masauki a bakin teku kuma ya yi tsada. Mai son ganin birnin a cike maƙil sai ya zo daren 14 ga Yuli, lokacin bikin Santa Rosalia, wadda mutanen garin suka yi imani ita ta raba su da annobar 1624. Ana jan wata ƙatuwar karusa daga babban coci har bakin teku, a rufe da wasan wuta.

Daga ƙasashenmu sai an yada zango kafin a kai Palermo. Daga Rum tafiyar kamar awa ɗaya ce a sama. Akwai jirgin ruwa na dare daga Napoli, akwai kuma jirgin ƙasa daga Rum da ke cin fiye da awa goma, wanda ake tura taragunsa cikin jirgin fito a ƙetare mashigin Messina da su. Filin jirgin sama yana da nisan kilomita 35 daga gari, jirgin ƙasa da bas duk suna kaiwa tsakiyar birni cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na tasi ba.

Sunan filin jirgin Falcone-Borsellino, kuma ya kamata ku san su waye. Giovanni Falcone da Paolo Borsellino alƙalai ne 'yan asalin Palermo da suka gurfanar da ɗaruruwan 'yan Mafiya. An kashe Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku da bam ranar 23 ga Mayun 1992, a Capaci, kan babbar hanyar da bas ɗinku zai bi. Za ku ga dogayen ginshiƙai na tunawa a gefen titi. Borsellino ya bi shi ranar 19 ga Yulin 1992 ɗin. Kisan nan biyu ya tayar da mutanen gari tsaye, kuma birnin da za ku gani yau ya canza ƙwarai. Baƙo ba shi da abin tsoro daga Mafiya. Abin da ya kamata ya kiyaye shi ne 'yan sane a kasuwa da cikin bas. A ƙofar wasu kantuna za ku ga tambarin Addiopizzo, ƙungiyar da matasa suka kafa a 2004 don haɗa kan 'yan kasuwar da suka ƙi biyan harajin dole ga 'yan daba. Sayayya a irin waɗannan wurare taimako ne ga mutanen da suka sa wuyansu. Kuma don Allah a bar yi wa ɗan Sisili barkwancin Mafiya; da yawansu sun binne nasu a dalilinta.

Tsohon birnin ba shi da wuyar ganewa. Tituna biyu ne suka gitta juna suka raba shi unguwa huɗu: Cassaro, wanda a taswira za ku ga an rubuta Via Vittorio Emanuele, da Via Maqueda. Mahaɗarsu ita ce Quattro Canti. Daga ƙofar gari ta sama zuwa ta bakin teku bai cika kilomita biyu ba, saboda haka duk masaukin da ke kusa da mahaɗar nan ya raba ku da kuɗin mota. Ku tambaya ko gidan yana da na'urar hawa bene, domin tsofaffin gidajen dogaye ne, ku kuma guji ɗakin da tagarsa ke kallon Vucciria idan kuna son barci, don nan ne matattarar 'yan hira har asuba. Hayar mota a cikin gari wahala ce zalla: akwai unguwannin da aka taƙaita shigar motoci, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tara kuma ta biyo mutum gida. Za ku riƙa cin karo da gidajen da suka rushe a tsakiyar unguwa mai kyau. Wasunsu tun ruwan bama-baman 1943 suke haka.

Ku fara da fadar Normawa, da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke. A cikinta akwai ɗan ƙaramin cocin fada, Cappella Palatina, wanda Roger ya fara a 1132 aka keɓe shi a 1140. Bangonsa a lulluɓe yake da gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka zama zane, aikin Girkawa. Yawancin mutane nan idonsu ke tsayawa. Ku ɗaga kai. Rufin katako ne da aka sassaƙa lungu cikin lungu kamar saƙar zuma, aikin masassaƙa Musulmi, an kewaye taurarinsa da rubutun Larabci na Kufi, an cika lungunan da zanen makaɗa da mawaƙa da mafarauta da raƙuma da zakuna, har da mutum biyu suna dara. Irin wannan rufi mai zane daga wancan ƙarni da wuya a same shi a tsaye ko a ƙasashen Musulmi. Yana da tsawo, hasken kuma kaɗan ne, don haka ƙaramin madubin hangen nesa a aljihu zai yi muku amfani. Kafin ku shiga, ku nemi wani dutse a jikin bango mai rubutu da harsuna uku, na 1142, wanda ke ba da labarin agogon ruwa da sarkin ya sa aka ƙera. Majalisar dokokin Sisili a wannan fada take zama, ranakun zamanta kuma ana rufe ɗakunan sarauta, sai a duba kafin a sayi tikiti.

Gangarowa kaɗan sai babban coci, wanda aka fara a 1185 a filin da babban masallacin Juma'a na birnin ya taɓa tsayawa, shi ma masallacin a kan wani tsohon coci aka yi shi. A rumfar ƙofar kudu, ku duba ginshiƙin farko na hagu. An sassaƙa aya daga Suratul A'araf a jikinsa, kuma dubban mutane na wucewa kullum ba su lura ba. Kabarin Roger da na Frederick suna ciki. Mai ƙarfin gwiwa ya hau rufin, zai ga birnin gaba ɗaya tsakanin duwatsu da teku.

Kusa da Quattro Canti akwai coci biyu kafaɗa da kafaɗa. Martorana, na 1143, shi ne wanda Ibnu Jubair ɗan Andalus ya shiga a ƙarshen 1184, kan hanyarsa ta komawa gida daga Hajji bayan jirginsu ya fashe a Messina, kyansa kuma ya girgiza shi. San Cataldo mai jajayen ƙubbobi uku shi ne hoton da ke kan kowace takardar talla, ko da yake jan launin masu gyara ne na ƙarni na 19 suka shafa. Minti ashirin ya ishi kowanne.

Wurin da nake roƙon kada ku bari shi ne Zisa, fadar hutun bazara da aka fara a 1165, can wajen tsohuwar ganuwa. Baƙi ba su cika zuwa ba saboda sai an ɗan yi tafiya. Maginanta sun fuskantar da ita wajen iskar teku, suka sa tafki a gabanta, suka bi da ruwa ta tsakiyar babban zaure, suka bar ramukan iska a cikin bango domin zafi ya haye sama ya fice. Duk mai tunanin gina gida a ƙasar zafi zai fito da darasi. Monreale kuwa yana kan tudu, kilomita takwas daga gari, bas mai lamba 389 ke zuwa. Cocinsa na 1174 yana da zanen gilashin zinariya da ya haura murabba'in mita 6,000, da farfajiya mai ginshiƙai 228, kowane biyu da irin adonsu. Ku ba shi rabin yini cur, ku kuma tuna ana iya rufe shi da tsakar rana. Waɗannan wurare suna cikin guda tara da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2015. Ba dole ne a ga duka taran ba. Kwana huɗu, manyan wurare biyu a yini, ya fi kwana biyu ana gudu har zinariyar wannan coci ta cakuɗe da ta wancan a ka. Akwai kuma kogon Capuchin, inda aka jera dubban busassun gawawwaki da tufafinsu. Mutane na tururuwa can, amma ban ga dalilin kai yara ba.

Abinci na bukatar kulawa ta musamman ga wanda ba ya cin alade, domin a Palermo ba naman ne ke yaudarar mutum ba, kitsen ne. Sunansa strutto, kuma yana shiga inda ba a zato. Shahararren burodin nan mai saifa da huhun maraƙi, pane con la milza, a cikinsa ake soya shi. Ɓawon cannoli, zaƙin da kowa ke kwaɗayi, bisa al'ada da shi ake kwaɓawa, har da ɗan giya. Wasu burodin ma haka. Arancina, dunƙulen shinkafa da ake soyawa, iri biyu ne suka fi yawa: mai niƙaƙƙen nama, wanda kan iya haɗawa da alade, da wadda ake kira al burro, wadda jin sunan sai a ɗauka man shanu ne kawai, alhali akwai yankan naman alade a ciki. Ku rubuta kalmomin nan a waya: maiale, strutto, prosciutto, pancetta, vino. Ku nuna wa mai abinci ku ce senza, wato ban da. Ba sa jin haushin tambaya. Abin da ya rage kuma yana da yawa: panelle, soyayyen ƙullin garin wake, taliya da kifin sadin da zabibi, caponata ta baƙin yalo mai tsami da zaƙi, gasasshen kifi iri-iri, da granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwan lemon tsami. A kasuwar Ballarò, inda masu kaya ke rera kiran ciniki da iya ƙarfinsu, akwai mahauta masu naman halal da kantunan 'yan Bangaladash da 'yan Afirka ta Yamma, har garin rogo da manja ana samu. Ku je da hantsi. A gidan abinci za ku ga an ƙara wani ɗan kuɗi a kan kowane mutum da sunan coperto. Ladan zama ne, ba cuta ba ce. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi na zaune araha. Abincin dare ba ya kankama sai wajen ƙarfe takwas, ƙananan kantuna kuma su kan rufe daga azahar zuwa la'asar.

Akwai masallaci a tsohon gari, wani tsohon coci ne da aka mayar masallaci a 1990, ban da ƙananan wuraren salla a unguwannin baƙi. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, agogonsu kuma a bazara yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, a hunturu ne suke daidai. Cocin da za ku shiga wuraren ibada ne har yanzu: ana rufe kafaɗa da gwiwa, maza su cire hula, a yi ƙasa da murya, safiyar Lahadi kuma ta masu ibada ce. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin. Soket ɗinsu mai zagayayyen rami ne, mai zuwa daga Najeriya ko Gana sai ya riƙo adafta. Kuɗin hannu da ya kai Yuro 10,000 dole a bayyana shi a kan iyaka. Lambar neman agaji 112 ce. Tikitin takarda na bas ko jirgin ƙasa sai an buga shi a na'ura, na bas da zarar an shiga, na jirgi tun a tasha. Wanda bai buga ba, tara ce, kuma jami'in ba ya sauraron cewa baƙo ne.

Idan kwana ya ragu, Cefalù tana da nisan awa ɗaya a jirgin ƙasa, ga cocin Roger na 1131, ga bakin teku mai yashi. Mazara ta fi nisa, wajen awa biyu a bas, kuma ba za ku tarar da gidan kakannin Maziri ko wata makarantarsa ba. Abin da ke nan shi ne tashar jiragen kamun kifi, da tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna wadda masunta 'yan Tunisiya suka sake cikawa tun wajen shekarun 1970, da gidajen abinci masu dafa kuskus da kifi. Motocin dawowa suna raguwa da yamma, musamman ran Lahadi, saboda haka ku tambayi lokacin ta ƙarshe tun kuna sauka.